Takalmin iyo, bututun numfashi ko wutsiya: wanne za ka fara saya don gyara iyon batafilai?

Duk wanda ya taɓa gwada iyon batafilai, wanda wasu ke kira salon malam-buɗe-littafi, ya san inda gizo ke saƙar. Tsawon kwamin iyo na farko lafiya lau. A na biyu sai ƙugu ya fara nutsewa, ƙafafu su bi shi, mutum ya koma kamar mai hawan tudu a cikin ruwa. Sai a ɗora wa hannu laifi, alhali daga ƙirji matsalar take. Idan ka danna ƙirji ƙasa a daidai lokacin da hannaye suka shiga ruwa, ƙugu da kansa zai taso, motsin ya gangara ta cinya har yatsun ƙafa, kamar yadda bulala ke kaɗawa daga mariƙi zuwa baki. Da wannan za ka auna duk abin da za ka saya: yana koya wa jikinka motsin, ko rufa wa kuskurenka asiri yake yi?

Ni dai, in kuɗin abu ɗaya kake da shi, gajeren takalmin iyo za ka saya, wanda fatarsa ta ɗan wuce yatsu kaɗan. Yana ba ka gudun da zai riƙe ƙugu a sama, har ka ji yadda daidai yake. Ka guji dogayen nan na masu nutso a teku, ko da ka same su da araha a gwanjo. A batafilai bugun ƙafa biyu ake yi a kowane juyin hannu, ɗaya lokacin da hannaye ke shiga ruwa, ɗaya lokacin da suke fita. Dogon takalmi yana jinkirta bugun har lissafin ya rikice, kuma yana sa ka riƙa bugawa daga gwiwa, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu.

Cikin gajerun ma akwai zaɓi. Na silikon, irin su Arena Powerfin Pro da DMC Elite, suna da laushi, ba su cika goge fata ba, kuma suna jure wa kulorin (sinadarin tsabtace ruwan kwami) da rana. Sai dai da tsada da ɗan nauyi. Na roba, irin Finis Zoomers, sun fi sauƙin kuɗi, amma roba ba ta shiri da zafi: ka bar shi a but ɗin mota na 'yan watanni, za ka ga ya fara tsagewa ta wajen dunduniya. Na fi son mai buɗaɗɗiyar dunduniya saboda yana sakin idon sawu ya miƙe yadda ya kamata. Wajen girma kuwa, kada ka dogara da lambar takalminka na fita. Auna tafin ƙafarka da santimita ka duba jadawalin kamfanin, musamman in oda za ka yi ta intanet, inda mayarwa ke da wuya. Wanda ya yi sako-sako yakan bar maka bororo a yatsa, wanda ya matse kuma jijiyar tafin ƙafa ce za ta ɗaure.

Na biyu shi ne bututun numfashi, amma mai hawa ta tsakiyar goshi, ba na gefen kunne ba. Amfaninsa a fili yake: ɗaga kai don shaƙar iska shi ke jefa ƙugu ƙasa, to bututun ya ɗauke maka wannan nauyi. Ka kwanta rub da ciki, hannaye a gefen cinya, ido na kallon ƙasan kwami, kana danna ƙirji kana saki. Abin da ya fi burge ni da shi, idan ka zurfafa fiye da kima sai bakinsa ya nutse ka sha ruwa, nan take ka gane ka wuce gona da iri. Ka haɗa da ɗan matsin hanci, don a makon farko ruwa ba ya barin hancin sabon shiga. Kamfanin Finis ne ya yi suna da shi, kuma cikin waɗanda suka kafa kamfanin a 1993 akwai Pablo Morales, wanda ya ci zinaren batafilai na mita 100 a gasar Olamfik ta Basalona a 1992.

Sai wutsiya, wato faffaɗan takalmi guda da ake zura ƙafa biyu a ciki. Babu abin da ya kai ta koyar da kaɗawar jiki gaba ɗaya, domin ba ta yarda da bugun gwiwa. Masu son ƙarfafa tafiyar ƙarƙashin ruwa, wadda dokar gasa ta taƙaita a mita 15 bayan tashi da kowace juyawa, suna amfana da ita ƙwarai. Amma tana ɗora wa gadon baya nauyi, kuma tana son fili. In a ƙaramin kwamin otal kake atisaye, kafin ka yi bugu huɗu ka isa bango. Ka bari sai jiki ya saba.

Allon iyo ba na wannan aikin ba ne. Yana ɗaga kafaɗa ya kafe ƙirji wuri guda, sai kwankwaso ya ɗauki wahalar. Kumfar da ake matsewa a cinya kuwa aron ƙugu take ba ka, kana cire ta ya koma gidan jiya.

Takalmin ma aro ne idan ba ka cire shi. Ka yi mita 25 sau huɗu da shi, a rigingine ko a gefe, sannan ka tuɓe ka yi sau biyu da ƙafa zalla, kana lura ko ƙugunka yana leƙo saman ruwa duk lokacin da hannaye suka shiga.