Na gwada tausa bayan mura a unguwar Zariya ta Maradi

Hunturun bana bai raga mini ba. Tun cikin Disamba, da hazo ya rufe Maradi, mura ta kayar da ni: majina, tari, ciwon kai, ga masassara da dare. Kwana uku ban buɗe shagon ɗinki ba. Wurin likita na fara zuwa aka gwada jini, don a garin nan kowane zafin jiki sai an tabbatar ba na cizon sauro ba ne. Aka ce mura ce kawai, in sha farasitamol da ruwa da yawa, in kwanta.

Masassara ta sauka, amma jiki ya ƙi. Kafaɗu da gadon baya kamar an daka ni a turmi. Sai maƙwabcina ya ɗauke ni a babur zuwa wurin wani dattijo, tsohon ɗan kokowa, mai tausa a zaurensa.

Kafin komai sai da ya dafa goshina. "Ɗana, da jikinka da zafi, da gida zan mayar da kai. Ba na tausa kan masassara." Nan ya fara shiga raina. Ya narkar da man kaɗe a bakin garwashi, ya haɗa da ɗan man zafi, ya fara daga wuya, ya bi kafaɗu da babban yatsa, ya sauka har ƙugu. Hannun ɗan kokowa ba wasa ba, sau biyu ina cewa, "Baba, a sassauta!" yana dariya. Ƙamshin man zafin ya buɗe mini hanci na ɗan lokaci. Wajen rabin awa, jika ɗaya, har da kofin shayin citta da kanumfari. Daren nan na yi barcin da na kwana biyu ban yi irinsa ba, washegari na hau keken ɗinki.

Inda muka raba gari da Baba shi ne da ya ce in riƙa zuwa duk mako, wai mura ba za ta sake kusantata ba. Na bi, na je sau uku. Cikin Janairu ƙaramin ɗana ya kwaso ta daga makaranta, kafin mako ya zagayo duk gidan muna atishawa, har da ni mai shan tausa. Ƙwayar cutar ta tari da atishawa take bi, da hannun da ba a wanke ba, man kaɗe ba ya tare ta.

Sai kuma tsabta. Zaure da sanyi, kuma mayafi ɗaya yake shimfiɗa wa kowa, wanda ya riga ni ma tari yake ta yi. Yanzu in zan je, sai masassara ta sauka tukuna, kuma da zanen gadona nake tafiya.