Yaƙin gishiri da ƙarfe a tafin hannu: sharhina kan Triangle Strategy a Switch Lite

Yawancin masu buga gem a Kaduna ƙwallo ce sana'arsu, sai kuma wasan harbi a waya. Duk wanda ya leƙa shagunan gem na Tudun Wada ko Kawo da yamma ya san irin ihun da ake yi in an zura ƙwallo a raga. Wasan da zan yi sharhi a kansa ba a yi masa ihu. Wasan dabarun yaƙi ne, inda za a damƙa maka 'yar runduna ta mutum takwas ko goma a filin da aka yanka gida-gida, kowane mayaƙi yana jiran layi ya zo kansa kafin ya motsa. Na buga Triangle Strategy har ƙarshe a Switch Lite ɗin da na saya ta hannu, daga baya na ɗora da Fire Emblem: Three Houses. Abin da na gani shi ne, a duk nau'o'in gem babu wanda ya dace da na'urar hannu, ya kuma dace da zamanmu a garin nan, kamar wannan. Amma yana da wuya iri biyu, ɗaya ina ƙaunarta, ɗaya kuwa laifin masu yin wasan ce.

Na'urar kanta ba ta buƙatar dogon bayani. Nintendo ta fitar da Switch Lite a 2019 kan dala 200, fuskarta inci biyar da rabi, ba a jona ta da talabijin, kuma kamfanin ya ce cajinta yana kai awa uku zuwa bakwai gwargwadon nauyin wasan. Bakin cajinta irin na wayoyin yanzu ne, don haka fawa bankin da ke jakarka zai iya tayar da ita in an ɗauke wuta. Ba ta da nauyi, hannu ba ya gajiya da ita.

Abin da ya haɗa ta da wasan dabara shi ne jira. Wasan ƙwallo ko na harbi a intanet ba ya jiran kowa. In aka kira sallah kana tsakiyar wasa, ko ka bari a ci ka, ko ka jinkirta abin da bai kamata a jinkirta ba. Wannan kuwa maɓalli ɗaya za ka danna na'urar ta yi barci, ka je ka dawo ka tarar da mayaƙanka a inda ka bar su, babu wanda ya gusa ko taku ɗaya. Ba ya cin data, ba ruwansa da ƙarfin sabis. A jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, tafiyar sama da awa biyu, yaƙi biyu masu kyau sun ishe ka hanya. Kuma sau da yawa a wannan tsayawar ce dabarar take zuwa: ka ajiye na'urar kana ganin an rufe maka ko'ina, kana cikin wata hidima sai hanyar fita ta faɗo maka a rai. Wanda ya taɓa zama yana kallon dattawa suna dara, mutum ya riƙe tsinke ya daɗe bai kafa ba saboda yana lissafin taku uku a gaba, ya riga ya san daɗin da nake nufi.

Square Enix ce ta fitar da Triangle Strategy a watan Maris na 2022, kuma a fagen yaƙi ban ga inda zan kushe shi ba. Ƙasa ba a shimfiɗe take ba, akwai tudu da kwari da rufin gidaje. Maharbin da ke sama kibiyarsa ta fi kai wa nesa, ta fi kuma yin ɓarna. In ka sari abokin gaba ta baya, saran ya fi shiga. In ka sa shi a tsakiya, naka ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, da ɗaya ya kai sara sai ɗayan ma ya ƙara masa. Abin da ya sa wannan ya zama abin tsoro shi ne su ma abokan gaba sun san dokar, kuma suna aiki da ita. Ka tura jaruminka shi kaɗai cikin taro, kafin layi ya sake zagayowa kansa an kwantar da shi. Hatta bayan ka gama takunka sai wasan ya tambaye ka ina mayaƙin zai fuskanta, kuma wannan 'yar tambayar tana iya raba nasara da faɗuwa.

Sai kuma yadda abubuwa suke cuɗanya da juna. Wuta tana narkar da ƙanƙara ta zama ruwa, tsawa kuma in ta sauka a ruwan sai ta bi shi ta kama duk wanda ke tsaye a ciki. Ke nan mutum uku za su iya haɗa tarko ɗaya, kowa da nasa hannun. Kowane mayaƙi aikinsa daban, ba a canza masa shi. Erador mai garkuwa aikinsa ya tsaya a ƙofa ya sha duka. Hughette tana bisa shaho, tana hayewa rufin da babu mai iya kai mata. Anna tana kai hari sau biyu a layi ɗaya, ta kuma iya ɓacewa. Wanda ya fi burge ni shi ne Jens, maƙeri, wanda ba wani ƙarfin faɗa gare shi ba, amma yana kafa tsani ya buɗe wa runduna hanyar da babu ita a da. Wasan da zai sa ka bar wani sadauki a sansani ka ɗauki mai tsani, saboda filin yau tsani yake so, ya san abin da yake yi.

Labarin ma ya zauna mini. Ƙasashe uku ne a nahiyar Norzelia: Hyzante tana riƙe da gishiri, Aesfrost tana riƙe da ƙarfe, Glenbrook kuma tana tsakiya a bakin kogi tana cin kasuwa. Shekara 30 kafin farkon wasan sun gwabza yaƙi a kan waɗannan kayan biyu. Mu da muka tashi muna jin labarin ayarin raƙuman da ke kawo kantun gishiri daga Bilma, ba sai an yi mana dogon bayani kan yadda gishiri zai zama sarauta ba. Kai ne Serenoa, magajin gidan Wolffort a ƙasar Glenbrook, kuma abin da ya raba wannan wasa da 'yan'uwansa shi ne ba kai kaɗai ke yanke manyan hukunce-hukunce ba. Akwai wani ma'auni da ake kawowa, mutanenka bakwai kowa ya jefa ƙuri'arsa, kai kuma ba ka da ƙuri'a. Iyakacinka ka zagaya gari ka ji bakin jama'a, ka tara hujja, ka dawo ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana lallashi. In hujjarka ba ta kai ba, za su zaɓi abin da ba ka so, kuma dole ka bi.

Wanda ba ya son a ɓata masa labari ya tsallake wannan sakin. A babi na bakwai, rundunar Aesfrost ta kewaye garinku ta ce ku miƙa yarima Roland, amininka tun kuna yara, ko a shigo da ƙarfi. In kun miƙa shi, kun ci amana. In kun tsaya, akwai tarkon wuta da aka binne a cikin gari wanda zai iya cinye maƙiya, amma gidajen talakawanku za su tafi tare da su. Benedict, dattijon da ke kula da gidanku, zai kawo maka lissafi mai sanyi wanda ba za ka iya cewa ƙarya ne ba. Na daɗe ina riƙe da na'urar ban danna komai ba. Na lallashi mutanena suka zaɓi mu tsaya, na kuma yi niyyar ba zan taɓa tarkon ba, shi ya sa wannan yaƙin ya zama mafi tsanani da na buga a wasan gaba ɗaya. Da na ci shi gidajen suna tsaye, daɗin da na ji ya wuce na kowace ƙwallo da na taɓa zurawa a gem.

Wannan ita ce wuyar da nake ƙauna, domin ba a zalunce ka ba. Komai a bayyane yake kafin ka taka: jerin waɗanda layi zai zo kansu, yawan ɓarnar da saranka zai yi, gidajen da maƙiyi zai iya kaiwa. Triangle Strategy kuma yana da sassauci. Wanda ya faɗi a fage yana tashi bayan yaƙin, kuma ko an ci ka, ƙwarewar da mayaƙanka suka samu tana nan, sai ka koma da ɗan ƙarin ƙarfi. Matakan wahala huɗu ne, kana iya sauyawa a tsakiyar tafiya.

Fire Emblem ba haka ya taso ba. Tun fitowarsa ta farko a Japan a 1990, dokarsa ita ce wanda ya mutu ya mutu, ba zai dawo ba. Sai a 2003 aka fara fitar da shi wajen Japan, a kan Game Boy Advance, wato tun asali a na'urar hannu sauran duniya ta san shi. Three Houses na 2019 ya ba ka zaɓi: ko tsohuwar doka, ko sassauƙar hanya inda ba a mutuwa. Ya kuma ba ka damar mayar da lokaci baya, amma a ƙidaye. Na ji masu cewa wannan ya kashe wasan. Ban yarda ba. Magidancin da ya dawo daga kasuwa a gajiye, ya yi awa guda yana yaƙi, sannan kibiya ɗaya ta kakkaɓo masa mai dokin fiffike a taku na ƙarshe, ba adalci ba ne a ce ya koma farko. Amma ina ba da shawarar a zaɓi tsohuwar dokar, a bar mayar da lokacin ya zama kariya. A wannan wasan kai malami ne, mayaƙan kuma ɗalibanka ne da ka koyar da hannunka, ka san mai jin kunya da mai son barci a cikinsu. Sanin cewa za ka iya rasa ɗaya har abada shi ke sa ka duba filin sau biyu kafin ka tura yaro gaba.

Ɗaya wuyar ita ce ban yafe ba. Rubutun Three Houses ƙanana ne ƙwarai, an tsara su ne don talabijin, kuma a fuskar Switch Lite sai ka matso da ita kusa da ido, musamman da dare. Wasan da rabinsa karatu ne bai kamata a yi masa haka ba. Triangle Strategy ya fi shi sauƙin karantawa, amma shi kuma surutu ya yi masa yawa a farko. Za ka iya share kusan awa guda kana sauraron fadawa da sarakuna kafin a ba ka yaƙi na biyu. Wani ƙanena da na ara wa na'urar ya dawo mini da ita washegari, ya ce, "Yaya, wannan ai fim ne, yaushe ake fara wasan?" Na ce ya daure ya kai babi na biyar zuwa na bakwai. Ya daure, kuma daga nan sai da na yi ta aike kafin na'urar ta dawo hannuna. Duk da haka gaskiyarsa ce, bai kamata wasa ya nemi haƙuri mai yawa haka kafin ya nuna abin da ya iya ba. Three Houses ma yana da irin wannan: tsakanin yaƙi da yaƙi za ka yi ta zagaye a makarantar Garreg Mach kana mayar wa mutane kayan da suka yar, kana cin abinci da su. Da farko akwai daɗi, daga baya ya zama aiki.

Sannan Turancin. Ba Turancin makaranta ba ne, irin na fada ne mai tsofaffin kalmomi, kuma a Triangle Strategy fahimtar magana ita ce makaminka wajen ƙuri'a. Wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai iya jin daɗin yaƙin, amma zai yi ta zaɓe a makance. Iyaye kuma su sani akwai tsafi a wasannin biyu, akwai addinan da aka ƙirƙira don labari, har da wata allahiyar gishiri da mahukuntan Hyzante suke fakewa da ita suna bautar da wata ƙabila mai suna Roselle. Wasan bai goyi bayansu ba, tona musu asiri yake yi, amma ba abin da za a miƙa wa ƙaramin yaro a tafi a bar shi ba ne.

Ga mai niyyar saye a nan Kaduna, ko a shagunan kan titin Ahmadu Bello ne ko a kasuwar Sheikh Gumi, in ta hannu ce ka gwada sandunan juyawa a gaban mai shago. Akwai wurin gwajinsu a cikin saitin na'urar. Ka sake su ka ga ko ɗigon ya tsaya a tsakiya ko yana tafiya shi kaɗai. A Switch Lite sandunan a jikinta suke, ba a cire su a sauya kamar na babbar Switch, sai an kai wa mai gyara ya buɗe. A wasan dabara kuwa sandar da ke zamewa tana iya kai mayaƙinka gidan da ba ka nufa ba. Ka nemi kaset maimakon saukewa ta intanet, domin kaset ɗin Amurka ko na Turai duk suna aiki a na'ura ɗaya, kuma in ka gama za ka iya musaya da wani ko ka sayar. Wanda idonsa ba ya son ƙananan rubutu, in aljihu zai ɗauka, ya nemi babbar Switch samfurin OLED na 2021 mai fuska inci bakwai.

In kaset ɗaya kuɗinka zai saya, Triangle Strategy nake ba ka shawara, a matakin wahala na tsakiya. Yana da ƙarshe huɗu, kuma hanyar da ka bari a kowace ƙuri'a tana da nata yaƙe-yaƙen da nata mutanen da ba ka haɗu da su ba, don haka zagaye na biyu ba maimaici ba ne. Three Houses ya biyo baya, in ka samu mai ara maka ko mai musaya.