Omron M3 Comfort: abin da take iya ganowa idan aka ce maka "damuwa ce kawai"

Ciwon kai da yamma, faɗuwar gaba, jiri, kasala, rashin barci. Duk wanda ya kai irin wannan kuka wajen 'yan uwa, amsar da zai samu ba ta wuce "ka rage tunani". Wani lokaci gaskiyarsu ne. Amma damuwa ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a ɗora wa laifi, bayan an auna abin da ake iya aunawa, kuma mafi sauƙin aunawa a gida shi ne hawan jini da bugun zuciya. A kan wannan ma'auni muka duba na'urar awon hawan jini ta Omron M3 Comfort, ta kamfanin Omron na Japan, wadda ake samu a manyan shagunan magani.

Na'ura ce ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, kuma wannan kaɗai ya fifita ta a kan ƙananan da ake talla a kasuwa. Ta wuyan hannu, da zarar hannun ya ɗan sauka ƙasa da saitin zuciya, sai lambar ta canza. Babbar fa'idar M3 Comfort tana ga ɗamararta. Mai ɗan tauri ce, an riga an lanƙwasa ta, mutum na iya zura ta da hannu ɗaya ba sai an taya shi ba, kuma tana ɗaukar damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 42. Ɗamarar da ta yi wa damtse kaɗan tana ƙara lamba, har a ɗora mai ƙiba a kan maganin da ba ya buƙata. Na'urori masu araha da yawa ɗamararsu a 32 take tsayawa. A sa tef ɗin tela a auna tsakiyar damtse kafin a biya kuɗi. Wanda nasa ya haura 42, ko yaro ƙarami, wannan ɗamara ba tasa ba ce.

Tana cin batir AA guda huɗu, tana kuma karɓar adafta, sai dai ita daban ake saye. Tana ajiye awo 60 ga kowane ɗaya daga mutum biyu. Akwai alamar da ke nuna an ɗaura ɗamara daidai, da wadda ke fitowa idan mutum ya motsa, da ta bugun zuciyar da ba ya tafiya bisa tsari. Ba ta haɗuwa da waya, amma littafi da biro sun wadatar, likita ma ya fi son ya ga takarda.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen awon, ba na'urar ba. A guji goro, kofi, shayi mai ƙarfi da taba na minti 30. A yi fitsari tukuna. A zauna kan kujera mai majingina na minti biyar, tafin ƙafa a ƙasa, ba a harɗe ba, ba kuma zaman tabarma ba. A tuɓe hannun riga maimakon a naɗe shi ya shaƙe damtse. Gefen ɗamara na ƙasa ya zauna santimita ɗaya zuwa biyu sama da gwiwar hannu, hannun kuma a kan tebur daidai da ƙirji. Ba magana, ba duba waya. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin shan magani da kuma dare, na kwana bakwai. A watsar da na ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran. A gida, 135/85 (lambar farko da ta biyu a allon) ko sama da haka shi ne hawan jini, a asibiti kuwa 140/90. Awo guda da aka yi ana tsaka da fushi ba ya tabbatar da komai.

A nan ne na'urar take biyan kuɗinta. Idan tashin hankali ne kaɗai, lambobin za su hau su sauka, na safiya su fito lafiya. Idan mako guda cur suna sama, har ranakun da hankali yake kwance, to magana ta wuce tunani. Sai a tafi asibiti da takardar, a duba ƙoda da sukari da fitsari. A faɗa wa likita duk abin da ake sha: diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis don ciwon jiki suna ɗaga jini, haka ma dexamethasone da wasu ke sha don su yi ƙiba. Kuma kada a jira ciwon kai kafin a auna. Hawan jini galibi ba ya nuna alama, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba.

Lamba ta uku a allon, wato bugun zuciya a minti, mutane ba sa kallon ta, alhali ita ce ta fi amfani ga mai faɗuwar gaba. A zaune cikin hutu, 60 zuwa 100 ne daidai ga babba. Idan kullum tana sama da 100, ga rama duk da ana cin abinci sosai, ga rawar hannu da yawan zufa, a nemi gwajin jini na TSH, domin ƙwayar maƙoƙo da ke gaban wuya na iya yin aiki fiye da kima. Idan kuma da kasala da haki wajen hawa bene da farin tafin hannu, a yi gwajin PCV a ga ko jini ne ya yi ƙasa, musamman ga mace mai zubar da jinin al'ada da yawa ko wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro. Alamar bugun da ba ya bisa tsari idan ta fito sau ɗaya, wataƙila motsi aka yi. Idan tana maimaituwa, sai gwajin ECG, wato awon bugun zuciya na asibiti, kuma a irin wannan hali lambobin jinin ma ba a cika dogara da su ba.

Iyakar na'urar ke nan, kuma a nan haɗarin yake. Mutum ya auna ya ga 120/80, sai ya ce ashe dai damuwar ce. Na'urar ba ta ganin ciwon sukari, wanda ƙishirwa da yawan fitsarin dare da gajiya ke nunawa. Ba ta ganin ciwon zuciyar da ke kama mace bayan haihuwa, wanda ya yawaita a arewacin Najeriya: mai jego da ke haki in ta kwanta, ƙafafu sun kumbura, asibiti za a kai ta ko da lambobi sun yi kyau. Mai ciki da ta wuce mako 20 ta ga 140/90, balle da ciwon kai ko gani dishi-dishi, ranar za ta je awo, don gudun jijjiga. Wanda ya ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, karkacewar baki, sarƙewar harshe ko mutuwar ɓarin jiki, ba sake awo zai tsaya yi ba, sashen gaggawa za a nufa.

Aibobinta kaɗan ne amma na gaske. Da tsada idan aka gwada da na kasuwa. Ɗamarar ba ta naɗuwa, tana cin wuri a jaka. An ƙera ta ta yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 40, don haka a zafin watan Afrilu kada a bar ta cikin mota a ɗauko a auna nan take. Batir mai arha yana kasa hura ɗamarar tun kafin ya mutu, gara a sa irin wanda aka rubuta wa "alkaline", a kuma gyara kwanan wata bayan an canza. Akwai jabu a kasuwa, sai a saya a shagon magani mai rajista, a karɓi rasit, a tafi da ita asibiti a gwada ta da tasu a hannu ɗaya. Gidan da ke da mai shan maganin hawan jini, ko wanda ya haura shekara 40, ta cancanci kuɗinta. Wanda aljihunsa bai kai ba ya ɗauki Omron M2, bayan ya tabbatar ɗamararta za ta zagaye damtsensa.