Transisto huɗu da hitsink na saya, hitsink ɗin kaɗai ya tsira

Wallahi da a satin farko na rubuta wannan sharhin da tauraro biyar zan ba su, gara da na jira.

Set ɗin transisto ne na saya wajen wani mai sayarwa a intanet, 2SC5200 guda biyu da 2SA1943 guda biyu, haɗe da hitsink na alminiyam, wato ƙarfen da ke janye zafin transisto, da maika, siririn fallen da ake sawa tsakanin transisto da ƙarfen don kar wuta ta ratsa, da ɗan farin man nan da ke taimaka wa zafi wucewa. Amfilifaya nake haɗawa da hannuna, taransifoma 25-0-25 ce, in an gyara wutar tana ba da wajen bolt 35 kowane gefe, sifika kuma mai om 4. Duk mai wannan harkar ya san waɗannan transistocin ba wasa ba ne, a takardar Toshiba an rubuta bolt 230, amfiya 15, wat 150, to bolt 35 ai ko gezau bai kamata su yi ba.

Na bi komai a hankali fa. Na sa kwan fitila a layin wuta kafin kunnawar farko, ya yi haske ya dushe kamar yadda ake so, na saita bayas, wato 'yar wutar da ke bin transistocin ko babu sauti, har mita ta nuna milibolt 11 a kan resisto mai om 0.22, wato wajen miliamfiya 50, ƙaramin transisto BD139 ma na ɗaure shi jikin hitsink don ya riƙa jin zafin yana rage bayas. Kwana shida ina jin sauti ƙasa-ƙasa, tsaf, babu ƙara babu huci. Ranar ta bakwai na ce bari in ɗan buɗe masa murya, ko rabi ban kai ba, minti kamar goma sai na ji fat, sifika ta yi wani gurnani, kwalin nata ya turo waje ya tsaya cak, sai wari. Kafin hannuna ya kai kan makunni fiyus ya tafi, amma ya makara, koyil ɗin sifikar ya riga ya gasu. Sifikar da na shekara ina lallaɓawa! Abin da ya fi ba ni mamaki na taɓa hitsink ɗin ɗumi kawai ya yi, ko zafin da zai sa ka janye hannu babu.

Nan na fara zargi. Na cire su na auna, biyu sun yi shot tsakanin ƙafafunsu na kolekta da emita, shi ya sa bolt 35 ɗin ya zarce kai tsaye cikin sifika. Na ɗauko filaya da guduma na fasa ɗaya, na kuma fasa wani tsohon 2SC5200 da na ciro daga mataccen amfilifaya don in kwatanta. Jama'a, ɗan silikon da ke cikin sabon bai fi kan ashana ba, an lulluɓe shi da wani farin danƙo, na tsohon kuwa ya ninka shi nesa ba kusa ba, tagullar bayansa ma ta fi kauri, ko a tafin hannu ka ɗora su sai ka ji bambancin nauyi. Rubutun jikin sabon da na goga da auduga da ɗan sinadari sai ga shi yana fita. Jabu ne tsantsa, ƙaramin transisto aka sa wa babbar riga. Kuma laifina a nan shi ne tun farko da na auna hFE, wato yawan ninkin da transisto ke yi wa wutar da ta shiga masa, na ga ɗaya 48 ɗaya kusan 190, alhali waɗanda aka yi wa alamar harafin O tsakanin 80 ne zuwa 160, na ce ƙila mitata ce. Son banza ne ya rufe min ido, ba wani abu ba.

Na tura wa mai kayan hotuna, amsar da ya ba ni wai ƙila ban sa man zafi ba. Ni da na shafa shi siriri gaba da bayan maika har na auna da mita na tabbatar bayan transiston bai taɓa ƙarfen ba.

Hitsink ɗin dai ba laifi, yana da nauyi, gindinsa da kauri, fukafukan da tazara iska na wucewa in ka tsayar da su a tsaye. Kuma lissafi ya nuna ana buƙatar irinsa, don a bolt 35 da om 4 zafin da transistoci za su zubar yana iya haura wat 60, kuma ba a ƙarshen murya ya fi tsanani ba, wajen kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin ne. In hitsink naka digiri ɗaya yake hawa kan kowane wat, ga digiri 60 nan, ƙara zafin ɗaki, ƙara abin da ke maƙalewa a maika da jikin transiston, in biyu kacal ka sa sai ka ga cikinsu ya doshi digiri 150 ɗin da aka ce kar a wuce. Dalilin da ya sa na sa huɗu ke nan. Don haka na so in ce hitsink ya ci tauraro huɗu.

Amma da na tuna wahalar da ya ba ni sai na fasa. Babu rami ko ɗaya, ni na huda na yi zaren sukuru M3, fuskar kuma ba ta kwanta ba, na ɗora rula na hango haske ta ƙasa, sai da na yi kusan awa ina gurza shi da sanfefa a kan gilashi. Maikar da suka haɗo ma ƙanana ne, ba su rufe bayan wannan babban jikin ba, wasu na nemo. Ba su faɗi digiri nawa yake hawa kan wat ba, sai ka yi ta canka.

Yanzu transistoci MJL21193 da MJL21194 na sa, masu bolt 250 da wat 200, daga dila mai rajista, a kan wannan hitsink ɗin dai, na ƙara da'irar kariya mai rile, wato makunni mai aiki da kansa, da ke yanke sifika in ta ji DC, wato wutar da ke zarcewa kai tsaye irin wadda ta gasa min ta farko. Wata biyu ke nan, ina buɗe murya yadda na ga dama, hitsink na yin zafi sosai amma ina iya ɗora hannu in ƙirga biyar. Tauraro biyu, su ma na alminiyam ɗin ne. Sifikata kuwa har yau tana kan benci ban samu mai naɗa min koyil ba.