Saƙo daga Jamus: RTX 3060 ko RTX 4060 ga mai haɗa bidiyo a Kano

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya, ka gaida min Hajiya da mutanen gida. Ka ce in duba maka katin girafik a nan Jamus saboda aikin haɗa bidiyo, kuma zaɓinka ya tsaya tsakanin RTX 3060 da RTX 4060. Ga yadda abin yake.

RTX 3060 ya fito a Fabrairun 2021 a kan dala 329, da memori giga 12, kuma yana jan wuta wat 170. RTX 4060 ya biyo baya a Yunin 2023 a kan dala 299, giga 8 kacal, amma wat 115 yake sha. Wajen gudu sabon ya ɗara tsohon da kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a wasannin 1080p, kuma yana iya fitar da bidiyo a tsarin AV1, sabuwar hanyar matse girman bidiyo, abin da 3060 ba ya yi. Sai dai hanyar da bayanai ke bi tsakanin ƙwaƙwalwar katin da memorinsa ta fi faɗi a tsohon: bit 192 da giga 360 a daƙiƙa, shi kuwa sabon bit 128 da giga 272. Nvidia, kamfanin da ya ƙera su, ta cike giɓin da ƙarin ma'ajiyar kusa a cikin ƙwaƙwalwar, kuma dabarar tana aiki muddin giga 8 ɗin ba su cika ba. Ranar da ka ɗora hoton 4K a manhajar haɗa bidiyo ta DaVinci Resolve, ka sa gyaran launi da tace hatsi-hatsin hoto, memorin ya cika, sai hoto ya fara tsinkewa, wani lokacin ma manhajar ta ce ba wuri. A nan giga 12 ke nuna amfaninsu.

Masu saye a nan ba su cika kallon wat ba sai don kuɗin lantarki. A gida kuwa, a ganina, ita ce lambar da za ka fara dubawa. Bambancin wat 55 ne. In katin ya yi awa takwas yana aiki tuƙuru, ka ƙara shan wat-awa 440. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, kuma rabi kawai ya kamata ka ja in kana so ya daɗe. Ka ga bambancin nan kaɗai ya cinye sama da kashi ɗaya cikin uku na abin da batiri guda zai ba ka. Kowane wat kuma zafi yake komawa. Ɗaki a nan yakan tsaya wajen digiri 20, a Kano cikin Afrilu ana haura 40. Katin Nvidia yana rage gudunsa da kansa in ya kusa digiri 83, saboda haka lambobin gwajin da kake gani a YouTube, na ɗakin sanyi ne. Ka haɗa da ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin sanyaya katin har iska ta daina ratsawa. Duk wanda ka zaɓa, ɗauki mai fanka biyu, ka riƙa hure shi da busasshiyar iska, kana riƙe fankar da yatsa kada ta juya.

Sai batun shaguna. Akwai shafin Geizhals da ke jera farashin kati ɗaya daga shaguna da dama, irin su Alternate da Caseking, kuma kuɗin da ka gani har da harajin kashi 19 a ciki. A Amurka ba haka ba ne, sai wajen biya ake ɗora haraji, shi ya sa farashinsu ke yaudarar ido. Abin da ka saya ta intanet a nan kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba, kuma doka ta ɗora wa mai shago alhakin lahani har shekara biyu. Wannan garantin ba ya bin kati zuwa Kano. In ya mutu sai an dawo da shi nan tare da rasit, kuɗin aike ya hau kanka. Mai shagon da ke Farm Centre in ya ba ka sati guda na gwaji, aƙalla kana iya taka ƙafa ka same shi. Akwai sauƙi ɗaya: baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba, in ya sayi kaya sama da yuro 50 ya fita da shi cikin wata uku, kwastan suka buga hatimi, yana iya neman a mayar masa da harajin, in shagon na yin haka. Mazaunin nan ba shi da wannan damar.

Na hannu kuwa, a shafin tallan kayan hannu na Kleinanzeigen ake cinikinsa, kuma kusan kowane mai sayarwa yana rubuta cewa ba garanti. Tun Satumbar 2022 da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, a nan da gida. Kafin ka biya, buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka duba faɗin hanyar memorin, domin akwai 3060 mai giga 8 da bit 128, sunansa ɗaya da na kirki amma bai kai shi ba. Haka katin kamfanin AMD, RX 580 mai lamba 2048SP da ke fitowa daga Sin, ƙarfinsa na RX 570 ne. Sannan ka kunna FurMark, manhajar da ke sa kati aiki tuƙuru, na minti ashirin, ka kasa kunne ga fanka, ka zuba ido ko ɗigo-ɗigon launi zai bayyana a allo. In ya bayyana, memorin ya fara lalacewa, bar shi ko nawa aka rage maka.

Shawarata: in mafi yawan aikinka 1080p ne kuma a kan sola kake, ɗauki 4060. In 4K ne abincinka kuma kana da wuta isasshiya, 3060 mai giga 12.

Amma kada a sayi komai tukuna. In kwamfutarka irin siririyar Dell OptiPlex ɗin nan ce ta tokunbo, akwatin wutarta ƙarami ne, ba shi da wayar fil takwas da katunan ke buƙata, kuma cikinta ba zai ɗauke su ba. Dole a canza gidan kwamfutar, a sa akwatin wuta na kirki mai wat 550. In ramin da ake sa kati a madabod ɗin tsohon samfuri ne, wato PCIe 3.0, 4060 zai ɗan takura domin layi takwas kawai yake amfani da su, 3060 kuwa sha shida. Buɗe murfin, ɗauko min hoton takardar da ke manne a jikin akwatin wutar da sunan madabod ɗin, ka turo ta WhatsApp kafin Juma'a.