Gargaɗi ga masu son koyon ɗinki: a kula da mai "tallafin keke"

Jama'ar Ringim, Taura da Garki, don Allah ku ja kunnen 'ya'yanku mata. Akwai wani mutum da ke bin ƙauyuka da sunan wata ƙungiya, wai zai koyar da ɗinki na wata 3, in an gama kowace yarinya ta tafi gida da keken ɗinki kyauta. Wallahi ƙarya ce. Ƙanwata na cikin waɗanda ya cuta, kuma a kan idona aka yi.

Yarinyar nan tun tana firamare take zana riguna a bayan littafinta. Burinta ta riƙa fitar da nata samfurin, ba ta tsaya a facin tsofaffin kaya ba. Da ta ji labari, ko barci ba ta yi ba.

Shago ya kama a bakin kasuwa, ya girke sabon keke ƙirar Butterfly a ƙofa, ko ledarsa ba a cire ba, ya ce na nuni ne, kada a taka. A ciki kuwa tsofaffin kekuna biyu ne kacal. Fom naira 3,000. Ya kawo wata mata ta yi sati biyu tana nuna musu awo da yanka a takardar siminti, kuma abin da ya sa hankalinmu ya kwanta ke nan, don haka teloli ke fara koyarwa. Ƙanwata takan dawo da 'yar rigar takarda a ninke cikin hijabi, tana nuna wa Inna inda ta fitar da wuya.

A sati na uku ya ce kekuna sun iso Kano, kowacce ta kawo naira 20,000 kuɗin mota da na haɗa ƙafa, a tura ta POS. Asusun ma da sunan mutum yake, ba na ƙungiya ba, amma ba mu lura ba sai daga baya. Akuyar da Inna ta ba ta ita aka sayar. Ran Asabar suka tarar da kwaɗo a ƙofa, waya a kashe. Mai shagon ya ce kuɗin wata ɗaya aka ba shi, keken nunin kuma da dare aka kwashe.

Abin da ya fi tayar min da hankali, ya karɓi lambobin NIN da BVN na yaran. Duk wadda ta bayar ta garzaya banki, kuma ko wa ya kira ya nemi lambar da ta shigo wayarta, kada ta faɗa.

Mai son koyo ta je wurin telar da aka san gidanta, iyaye su yi magana a kan lada. In keke za a saya, a tafi da tela ya taka shi a kan ƙyalle kafin a biya.

Mun sanar da dagaci da 'yan sanda. An ce an ga mutumin ya nufi wajen Gumel. In ya sauka garinku, a kai maganar gaban mai unguwa kafin kowa ya sayi fom.