Crusader Kings III: sarauta da suna, da wahalar ɓoye kai

Wasan kwamfuta ne na kamfanin Paradox da ke Suwidin, ya fito a Satumban 2020, kuma aikinsa sauya tarihi. Mai wasa yana zaɓar basarake a shekarar 867 ko 1066 ko 1178, ya riƙa jan zuri'arsa har 1453. Wanda ya ɗauki Sarki Harold na Ingila a 1066 yana iya korar William na Nomandi, wanda a tarihi na gaskiya shi ya ci Ingila da yaƙi, daga nan tarihin tsibirin ya bi wata hanya dabam. Ta wannan fannin wasan ya cika alkawari.

Suna a nan abin ƙirgawa ne. Cin yaƙi, shirya walima da fita farauta duk suna ƙara martaba, ita kuma ake kashewa wajen wasu yaƙe-yaƙe da manyan shawarwari. Matakin shahara na hawa da tarin martabar da aka samu, kuma yana sa sauran sarakuna ganin girman mutum. Sai dai inda wasan ya fi burgewa shi ne damuwa. Kowane basarake yana da halayensa, kuma duk abin da aka tilasta masa wanda ya saɓa wa halinsa yana ƙara masa maki na damuwa. Sarki mai kunya, alal misali, taron jama'a azaba ne gare shi. Idan makin ya kai 100 sai ya shiga ruɗani, a 200 abin ya tsananta, a 300 kuwa yana iya kai shi kushewa. Wani ya faɗa shaye-shaye, wani ya kulle kansa a ɗaki ya daina ganin kowa. Sabon shiga yakan yi kuskuren bin riba kawai, ya manta da halin mutuminsa, sai sarki ya mutu da ƙuruciya, dokar gado ta raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa maza.

Asiri ma ba ya rufuwa. Shugaban 'yan leƙen asirin wata fada yana iya tono sirrin sarki, a mayar da shi igiyar jan sa.

Mai son ajiye rawani ya ɓace cikin talakawa sai ya sayi ƙarin sashen wasan mai suna Roads to Power na Satumban 2024. Shi ne ya kawo rayuwar mayawaci marar ƙasa: zango, 'yan rakiya, guzuri, da ayyukan kwangila da ake yi wa sarakuna a hanya. Guzuri na raguwa da kowace tafiya, kuma idan ya ƙare mutanen zango ne ke shan wuya, don haka a duba nisa kafin a tashi. Wanda aka ƙwace wa ƙasa yana iya ci gaba da wasa ta wannan hanya, kuma akwai sanannun mutane irin su El Cid, jarumin Sifaniya, da za a fara da su.

Amma fa ba ɓoyuwa ce ta gaskiya ba. Ayyuka masu tsoka suna zuwa ne ga wanda sunansa ya yi nisa, kuma tsarin kullum yana tura mutum ya koma neman ƙasa. Bayan 'yan shekarun wasa kwangilolin sukan fara maimaita kansu.

Akwai shi a kwamfuta, da PlayStation 5 da Xbox Series X/S tun Maris 2022, amma ƙarin sassa sukan makara a waɗannan na'urori. Rubutun da ake karantawa yana da yawa ƙwarai, kuma a ƙarnonin ƙarshe wasan yakan yi nauyi a kwamfutar da ba ta da ƙarfi.